Maki Kaɗai Ba Ya Buɗe Ƙofar Jami'a

Kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fara fitar da sunayen waɗanda suka ba gurbin karatu, sai ka ji kuka iri ɗaya a gidaje da majalisu. Yaro ya ci maki 260 a jarrabawar JAMB amma sunansa bai fito ba, ga abokinsa mai 210 har ya fara haɗa kayan tafiya. Nan take sai a ce ai sai mai hanya, ɗan talaka ba shi da rabo. Ba a musun akwai son kai a wasu wurare. Sai dai sau da yawa, in aka buɗe takardun yaron, a nan ake tarar da cikas ɗin: ya nemi kwas ɗin da bai cika sharuɗɗansa ba.

Sharaɗin farko yana cikin sakamakon kammala sakandare, na WAEC ne, ko NECO, ko NABTEB, ko kuma NBAIS ga ɗaliban makarantun Larabci da Islamiyya. Ana neman kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6. Wanda ya samu D7 ko E8 bai faɗi ba, amma a idon jami'a bai ci ba. Kuma ba kowane biyar ake nufi ba, sai biyar ɗin da suka dace da kwas. Mai son karatun likita dole ya zo da Turanci, Lissafi, Fizik, Kemistiri da Bayoloji. Ko da ya ci A1 a darussa takwas, in Kemistiri ɗinsa D7 ne, ƙofar a rufe take. Mai son karatun lauya kuwa, Adabin Turanci ne yakan kayar da shi, domin makarantu da yawa ba su da malaminsa, jami'o'i kuma suna nemansa. An yarda a haɗa sakamako biyu, misali WAEC da NECO, amma bai wuce zama biyu ba, har ma wasu jami'o'in sukan ce a kwas irin na likita zama ɗaya suke so.

Sharaɗi na biyu shi ne darussan da ɗalibi ya zaɓa a jarrabawar JAMB ita kanta. An kafa hukumar JAMB a 1978, kuma a 2010 aka koma jarrabawa ɗaya, UTME, ga mai neman jami'a, da kwalejin kimiyya da fasaha, da kwalejin ilimi. Darussa huɗu ake rubutawa, jimlar maki 400. Turanci wajibi ne ga kowa, sauran ukun kuwa kwas ne ke zaɓa maka. Injiniya: Lissafi, Fizik, Kemistiri. Likita: Fizik, Kemistiri, Bayoloji. Wanda ke son injiniya ya sa Bayoloji a madadin Lissafi, ko 300 ya ci, ya yi aikin baban giwa. Irin wannan kuskure yakan faru ne a cibiyar rijista, inda yaro ke tsaye cikin layi da rana, mai cike fom na tambayarsa da gaggawa, shi kuma yana faɗin darussan da ya fi iyawa. Alhali kundin da ya jera sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta yana nan kyauta a shafin JAMB na intanet.

Bayan waɗannan ne maki ke fara aiki, shi ma hawa-hawa. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo bayan taron JAMB da shugabannin makarantu izinin shiga layi ne kawai. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe ma da nasa, sannan ga tantancewar da ake yi bayan UTME. A jami'o'in tarayya, ƙa'idar rabon gurabe ita ce kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Shi ya sa makin da zai shigar da ɗan Jigawa Jami'ar Bayero ba lallai ya shigar da shi Jami'ar Ibadan ba. Tun 2017 kuma duk gurbi ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi: sai an ɗora sakamakon sakandare a can, in an ba ka gurbi kuma sai ka shiga ka karɓa da kanka. Haka nan a tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a lambar NIN da takardun jarrabawa.

Wanda ya rasa wani sharaɗi ba shi ke nan ba. Akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu, wadda za a cike giɓin darasi ɗaya ko biyu da ita. Akwai sauya kwas zuwa wanda takardun suka dace da shi. Akwai makarantun share fage, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, da shirin IJMB da JUPEB. Mai difloma ko NCE kuma yana iya neman shiga kai tsaye aji biyu. Sai dai duk hanyar da aka bi, kiredit biyar ɗin nan na jiran mutum a bakin ƙofa.

Shiga jami'ar ma ba ta raba ɗalibi da sharuɗɗa. Darussan kamar tsani aka jera su: akwai na aji biyu da ba za a bar ka ka yi rijistarsa ba sai ka ci tushensa na aji ɗaya. Idan ka faɗi, ya zama abin da ɗalibai ke kira keri-oba, kuma shi za ka fara sawa a rijistar baɗi. Da yake nauyin darussan zango ɗaya yana da iyaka, galibi daga yunit 15 zuwa 24, tsohon bashi sai ya ture sabon darasi, sabon ya ture na gabansa. Ta haka karatun shekara huɗu ke komawa biyar. Maganinsa littafin jagora na sashe, da zama da malamin da ke kula da ajinku kafin a danna rijista, ba bayan an rufe ba.

In aka bi sawun duka waɗannan, za a ga daga wuri ɗaya suka taso: ranar da yaro ya shiga aji huɗu na sakandare, aka ce ya zaɓi ɓangaren kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci. Ɗan shekara goma sha huɗu yakan bi abokai ne, ko ya guje wa malamin Lissafi mai bulala, bai san ya yanke wa kansa hukuncin shekaru uku masu zuwa ba. A nan ya kamata uba ko yaya ya zauna da shi, a tambaye shi me yake son zama, a buɗe kundin JAMB a ga darussan da ake nema, a kuma bincika ko makarantarsu tana da malamansu. Zaman bai fi na awa ɗaya ba, kuma ya fi sauƙi a kan yawon neman mai hanya da takardar da ko ta isa teburin ba za ta wuce ba.