Yadda masu tara tsofaffin kaset da kwamfutoci suka ceto abin da manyan gidaje suka zubar

A watan Oktoban 2013, kafar BBC ta Birtaniya ta sanar da cewa an gano kashi tara na wani tsohon shirinta na talabijin da aka ɗauka sun ɓace har abada. Inda aka same su shi ne abin mamaki: wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a birnin Jos na makwabciyarmu Nijeriya, cikin gwangwanayen fim da ƙura ta lulluɓe. Wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, shi ya bi sawunsu har can.

Sunan shirin Doctor Who, kuma an fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamban 1963. Ƙagaggen labarin kimiyya ne, na wani baƙo daga wata duniya da ke yawo tsakanin zamanai a cikin wani akwati mai kama da rumfar wayar ƴan sandan Ingila. A wancan lokaci kaset ɗin bidiyo na da tsada ƙwarai, don haka BBC kan goge shirin da aka gama nunawa ta ɗora sabo a kai, ba wanda ya yi tunanin wani zai nemi tsohon. Sai dai kafin a goge, akan kwafa shi a kan fim a sayar wa tashoshin ƙetare, wannan tasha ta nuna ta miƙa wa ta gaba. Ta haka wasu kwafi suka maƙale a Jos.

Har yanzu fiye da kashi 90 ba a gan su ba. Amma muryar kowane ɗaya daga cikinsu tana nan, kuma ba BBC ce ta adana ba. Masu son shirin ne, da yawansu matasa, suke kunna rakoda a gida suna naɗar sauti lokacin da ake nunawa. Da wannan sauti ne aka sake gina wasu ɓatattun kashin da zanen katun.

Sau da yawa mai wannan sha'awa za ka tarar da tsohuwar kwamfuta a ɗakinsa, don su ma kwamfutocin gida na farko da talabijin ake haɗa su, da kaset kuma suke aiki. ZX Spectrum, wadda kamfanin Sinclair ya fitar a 1982, ƙwaƙwalwar babbar cikinsu kilobayit 48 ce kacal. Hoto guda da ka ɗauka da wayarka ba zai shiga ba. In kana son wasa, sai ka saka kaset irin na waƙa, ka jira mintuna yana ƙara kamar gyare, in ya yi gardama ka mayar da shi farko. Kaset kuwa ba ya son zafi ko danshi, duk wanda ya taɓa barin nasa a mota da rana ya sani. Shi ya sa masu sha'awar ke juye waɗannan kaset zuwa fayil, suna kuma rubuta manhajar da ke sa kwamfutar yau ta kwaikwayi tsohuwa.

Wani zai ce wasan yara ne ya bi manya. A ganina abin ya wuce nan, kuma BBC ɗin ce dai ta sake zama misali. A 1986 ta kammala wani gagarumin aiki mai suna Domesday, inda kimanin mutum miliyan ɗaya, akasari ɗalibai, suka tattara bayanai da hotunan garuruwansu. An zuba su a wasu manyan faya-fayan leza da sai da wata kwamfuta ta musamman daga gidan BBC Micro ake karanta su. Kafin a cika shekara 20 injinan da ke iya buɗe su sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi amfani da dabarar kwaikwayon nan a 2002 kafin a sake ganin abin da ke ciki.

Kamfanin Acorn da ya ƙera BBC Micro shi ne kuma ya ƙirƙiro tsarin ƙwaƙwalwar ARM a 1985, wanda a yau kusan kowace wayar salula da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da shi take aiki.