A kai awon hawan jini wajen aiki

Ma'aikaci a Legas, Abuja ko Fatakwal yakan bar gida tun da duku-duku, ya sha cunkoson motoci, ya yini a kan kujera, sai dare ya dawo. Yaushe zai je asibiti a auna masa jini alhali ba ya jin ciwon komai? Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama sai ya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu tasowa ne. Shi ya sa ake ganin gara a kai wa ma'aikaci awon inda yake yini.

A Afirka ta Kudu, kamfanin inshorar Discovery ya ɓullo da shirin Vitality tun 1997, inda ake ba mutum lada da rangwame idan yana motsa jiki yana kuma zuwa awo. Ba kowace ma'aikata ce za ta iya wannan ba, amma abin da ya fi amfani ba shi da tsada: na'urar awon jini guda a ofis, da ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa leƙowa lokaci-lokaci. Wanda awonsa ya kai 140/90 a ranaku daban-daban, a tura shi ga likita, a kuma ba shi izinin zuwa ba tare da an yanke masa albashi ba. Awon da babu bibiya a bayansa, ɗaukar hoto ne kawai.

Sai abinci. Bai kamata gishirin da babba ke ci a rana ya kai giram 5 ba, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Masu dafa wa ma'aikata abincin rana za su iya ragewa kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Motsa jiki na minti 150 a mako ma yana samuwa ta hawa bene da ƙafa da ɗan tattaki lokacin hutu. Shan taba a ofis kuwa, dokar 2015 ta riga ta hana.

Akwai wani tsoro da ba a cika faɗa ba: ma'aikaci na gudun kada sakamakonsa ya isa teburin shugaba a sallame shi. Idan ba a tabbatar masa da sirri ba, ba zai miƙa hannu ba.

Galibin jama'armu kuma ba a ofis suke ba, suna kasuwa, tasha da gareji. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi za su iya gayyato jami'an lafiya su kafa teburi a bakin rumfa, ko da a ranar 29 ga Satumba, Ranar Zuciya ta Duniya, su fara.