Gwangwanin Gawayi na Mota: Mazauninsa da Aikinsa a Ƙasar Yawuri

A wannan takarda za mu duba wani ƙaramin gwangwani wanda direbobinmu da dama ba su san da zamansa ba. Tun 1971 aka wajabta sanya shi a sababbin motocin fetur a Amurka. A tsofaffin motoci akan same shi kusa da inji, a na baya-bayan nan kuwa galibi yana ƙarƙashin mota, dab da tanki.

Cike yake da gawayi wanda aka sarrafa har ya yi ƙananan kafofi birjik. Idan mota ta wuni a tashar Yelwa cikin zafin Afirilu, fetur yakan yi tururi, tiyo ya kai shi ga gawayin ya riƙe. Da inji ya ɗauki zafi sai wani bawul ya buɗe, injin ya zuƙe tururin ya ƙone shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne al'adar cika tanki har baki, musamman da mazurari wajen 'yan bumburutu, kafin a kama hanyar Kwantagora. Don tururi aka yi gawayin nan, ba don ruwan fetur ba. In ya jiƙe, mota takan dinga warin mai, tana gardamar tashi. Wani makanike kuwa, maimakon ya sake gwangwanin, sai ya cire shi, tururin ya bi iska.