Idan Aka Tilasta wa Aisi Gudun da Ya Fi Ƙarfinta

A cikin akwatin da ke sarrafa famfon sola, ko na'urar cajin batir da ake saya a kasuwar Gusau, akwai wata 'yar baƙar ƙwaƙwalwa mai ƙafafu da yawa. Masu gyara aisi suke ce mata. Da bugun agogo take aiki, kuma kamfanin da ya ƙera ta ya yanka mata iyakar gudu.

ATmega328P, wadda ke kan allon Arduino Uno da ɗaliban injiniya ke haɗa aikin kammala karatu da shi, tana bugu miliyan 16 a daƙiƙa. An yarda ta kai miliyan 20, amma sai wutarta ta kai bolt 4.5. In wutar ta sauka zuwa 2.7, iyakarta miliyan 10 ce.

Masu ƙiriniyar lantarki ba su tsaya nan ba. Na'urar wasan Uzebox tana kora ATmega644 a miliyan 28.6, alhali 20 aka rubuta mata. RP2040 ta Raspberry Pi Pico, da ta fito a 2021 da iyakar miliyan 133, mutane sun yi ta kai ta 250 har tana fitar da hoto a allon kwamfuta. A 2025 kamfanin da kansa ya amince da 200, bisa sharaɗin a ɗan ƙara mata wuta.

To me ya sa bai rubuta hakan tun farko ba? Lambar da ke takarda alkawari ce cewa kowace ƙwaya za ta yi aiki ko da zafi, ko da wuta ta yi rauni. Don haka akan bar rara tsakanin lambar da ainihin ƙarfin ƙwayar, kuma mai ƙara gudu wannan rarar yake cinyewa. A ɗaki mai sanyi ba a gane komai. A Magami ko Tsafe kuwa, cikin Afrilu, akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kwano, batir ya gaji, nan ne ake buƙatar rarar. Aisin ma ba ta cika ƙonewa ba. Lissafi take kuskurewa jefi-jefi, ko ta sandare sai an kashe an kunna, mai gyara ya yi ta laluben waya a banza.

Akwai kuma matsalar lokaci. Wanda ya cire kiristal, wato abin da ke ba aisin bugun agogo, na miliyan 16 ya sa na 20 bai gyara manhajar ba, famfon da aka saita ya yi awa guda zai tsaya a minti 48, tanki bai cika ba.