Sayen Jitar Bes ta Farko: A Bar Hannu Ya Yi Zaɓi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ƙungiyar makaɗa, a coci a Jos ko Kaduna, ko wajen biki a Yamai inda irin su Tal National ke raba dare suna kiɗa, ya san akwai wani sauti mai kauri da ƙirji ke ji tun kafin kunne ya tantance shi. Wannan aikin jitar bes ne, mai dogon wuya da tsirkiyoyi masu kauri, wadda ke ɗaure bugun ganga da sauran kayan kiɗa wuri guda. Matasa da dama na sha'awar koyonta, amma da yawansu kan yi tuntuɓe tun ranar saye. Sukan shiga shago ido na kan fenti mai ƙyalli da sunan kamfanin da aka manna, su fito da abin da ke cin yatsu, ba a jima ba su jingine shi bayan ƙofa suna cewa Allah bai ba su baiwar kiɗa ba. Alhali sau da yawa laifin na kayan ne. Shawarar da ta fi dacewa da mai koyo ita ce ya nemi bes mafi sauƙin ƙira, mai tsirkiya huɗu da lafiyayyen wuya, wadda ta zauna masa a hannu, sannan ya ware kuɗin amfilifaya da na mai saiti.

Tarihin jitar kanta yana goyon bayan wannan shawara. Kafin 1951, mai kaɗa bes fama yake da wata ƙatuwar aba mai tsayin mutum, wadda ake kaɗawa a tsaye, ga wahalar ɗauka, ga shi ganguna da ƙahoni na danne muryarta. A wannan shekarar ce Leo Fender, wani mai gyaran rediyo a jihar Kalifoniya ta Amurka wanda shi kansa ba makaɗin jita ba ne, ya fitar da Precision Bass. Gangar jikinta katako ne tsagwaro, an ɗaure mata wuya da kusoshi huɗu, an sa maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyi don ya ɗauki girgizarsu ya mayar da ita lantarki, sai maɓallan juyawa biyu, ɗaya na ƙarfin sauti ɗaya na kaurinsa. A 1960 ya ƙaro Jazz Bass mai siririn wuya da maganaɗisu a wuri biyu. Da irin ta farko James Jamerson ya kaɗa ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown a birnin Ditroit, yawanci da yatsa ɗaya tak na hannun dama. Da irin ta biyu Aston Barrett ya riƙe kiɗan Bob Marley shekara da shekaru. Mafi yawan bes ɗin da ke shaguna yau jikokin waɗannan biyun ne, kuma ƙirar da ta ishi waɗannan gwanaye ba za ta gaza wa mai koyo ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci a jikin bes shi ne wuyanta. Tsirkiyoyi huɗu, idan an ɗaure su daidai, suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70, wato fiye da nauyin buhun siminti, dare da rana. Shi ya sa ake cusa wata sandar ƙarfe a cikin katakon, wadda ake ɗaurewa ko sassautawa da alanki don miƙar da shi. Idan wuyan ya lanƙwashe gaba da yawa, tsirkiyoyi sukan yi nisa da ƙarafan da aka jera a kansa, waɗanda makaɗa ke kira firet, sai mai koyo ya yi ta danna da ƙarfin tsiya har yatsu su yi kanta, wuyan hannu ya riƙe. Idan kuma ya lanƙwashe baya, tsirkiya ta dinga gogar ƙarfe tana zizar da ke ɓata sauti. Fenti da ya kwaye ado kawai ya rage, maganaɗisu da ya mutu ana iya canza shi, amma wuyan da ya murɗe ko sandar da ta cije sun gama da jitar.

Gwada wannan a shago ba ya bukatar ƙwarewa. Ka ɗaga jitar ka leƙa tsawon wuyan daga kai zuwa ƙasa, ka duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Ka danna tsirkiya mafi kauri a firet na farko da hannun hagu, ka danna ta da hannun dama a inda wuya ya haɗu da gangar jiki, sannan ka dubi tsakiya: ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe ta zama kamar kaurin katin waya, ba ta ɓace ba, ba ta kuma wangame ba. Ka saki, ka dubi firet na 12, inda tsayin tsirkiyar bai kamata ya wuce milimita biyu zuwa uku ba. Ka bi kowane firet ɗaya bayan ɗaya kana kaɗawa kana saurare. Ka shafa gefen wuyan da tafin hannu ka ji ko bakin ƙarafan na karce fata. A jona ta da amfilifaya, ka juya maɓallan ka girgiza wayar a bakin ramin da take shiga, ka ji ko za ta yi ƙara ko ta ɗauke. Daga ƙarshe ka rataya ta a kafaɗa ka saki hannu. Bes takan kai kilo huɗu, kuma wadda kanta ke rinjaya ƙasa za ta sa hannun hagu ya koma ɗan dako maimakon makaɗi.

Wani zai ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, don haka gara a daure a sayi mai tsada tun farko. Karin maganar gaskiya ce, sai dai a wannan harka nagarta ba ta bin farashi sawu da ƙafa. Tun 1982 kamfanin Fender ke fitar da masu rangwame da sunan Squier, kuma Yamaha da Ibanez da Cort duk suna da irin nasu da ake ƙerawa a Indonesiya da Sin, inda injina masu aiki da kwamfuta ke yanka katako daidai da awo. Abin da yawanci ke rage musu shi ne aikin hannu na ƙarshe, wato daidaita wuya da tsayin tsirkiya, kuma wannan aiki ne da mai saiti zai gama a zama ɗaya. Mai koyo kuwa bai riga ya san sautin da yake so ba, ballantana ya zuba dukiya a kansa. Inda karin maganar ta fi tasiri shi ne wajen jabu. Jitar da aka manna wa sunan Fender ana sayar da ita a farashin da bai kai ko na tsirkiyoyin ta asali da jakarta ba, ta riga ta faɗi gaskiyarta. Wadda ke ɗauke da sunan ƙaramin kamfani na gaskiya ta fi ta aminci nesa ba kusa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, musamman ga masu kiɗan coci, inda bes mai tsirkiya biyar ta zama ruwan dare. Tsirkiya ta biyar tana sauko da sauti daga girgiza kusan 41 a sakan guda zuwa kusan 31, kuma mawaƙan da ke yawan sauya murya suna jin daɗin wannan faɗi. Wanda ya tabbata a irin wannan ƙungiya zai zauna, kuma ita ce malaminsa ke riƙewa, ba laifi ya fara da ita. Amma ya san abin da ya ɗauko. Wuyanta ya fi faɗi, ta fi nauyi, tsirkiyoyinta sun fi tsada, kuma babban darasin mai koyo, wato hana tsirkiyoyin da ba a kaɗawa yin gurnani, ya ƙaru masa. A masu araha, tsirkiya ta biyar ce ta fi yawan fitowa sako-sako, kuma ƙaramin amfilifaya ba ya iya fitar da kaurinta. Haka ma bes mai batir ɗin bolt tara a cikinta: tana ba da damar sarrafa sauti, amma ranar da batir ya yi sanyi ana tsakiyar kiɗa sai ta shaƙe. Marar batir ba ta da wannan fargaba.

Girman jiki ma abin lura ne. Tsawon tsirkiyar bes da aka saba da ita inci 34 ne, kusan santimita 86, abin da kan wahalar da yara da masu gajerun yatsu. Akwai mai inci 30, wadda wasu ke rainawa suna cewa ta yara ce. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi irinta, ƙirar Höfner, a birnin Hambag na Jamus a 1961, saboda kuɗinsa bai kai na Fender ba, kuma shi bahago ne, siffarta ba ta nuna an juya ta. Da irin wannan jita ya yi suna a duniya.

Saura abin da masu saye suka fi mantawa. Bes ba ta da murya sai da amfilifaya, kuma na ƙaramar jita ba zai yi ba, domin kaurin sautin na iya yaga lasifikarsa. Ƙarami na bes ya isa a ɗaki, inda kuma wuta ba ta da tabbas akwai 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a jitar a saurara da abin kunne. Wanda zai sayi amfilifaya na gwanjo daga Amurka ya duba bayansa, don yawancinsu wan-ten ne, jona su kai tsaye da wutarmu ƙona su ne. Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Masu ƙera jita kan so danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Kano ko Damagaram kuwa yakan busar da iska ƙasa da haka sosai. Katako ya tsuke, bakin ƙarafa ya leƙo, wuya ya motsa, damina ta zo ta sake motsa shi. Don haka a ajiye ta cikin jaka nesa da rana, kada a bar ta a but ɗin mota, a kuma sa ran duba saitinta da shigowar hunturu da faɗuwar damina.

Duk waɗannan dalilai ne ke sa sayen bes ta hoto a intanet ya zama kasada ga mai koyo, sai fa idan akwai damar mayarwa. Ya tafi shago da wanda ya iya kiɗa, ya bar shi ya gwada, amma shi ma ya riƙe ta da kansa na ɗan lokaci, tunda yatsunsa ne za su yi zama da ita. Ya kasa kuɗinsa kashi uku, mafi girma na jita, na biyu na amfilifaya da waya, na uku na saiti da sababbin tsirkiyoyi. Ƙwarewa a bes daga maimaici take zuwa, rabin awa yau, rabin awa gobe, kuma mutum ba ya maimaita abin da ke ji masa ciwo. Jitar da ta fi dacewa da mai koyo ita ce wadda zai ɗauka kullum ba tare da an tilasta masa ba.