Keke da jirgin ƙasa: Abin da ma'aikatan Holan suka fi so a hanyarsu ta zuwa aiki

A ƙasar Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa, kusan rabin fasinjojin jirgin ƙasa a kan keke suke isowa tasha. Mai jin haka zai ɗauka cewa taragun jiragen cike suke da kekuna kowace safiya, amma ba haka abin yake ba. Galibin masu zuwa aiki a tasha suke barin kekensu. Abin da suka fi damuwa da shi shi ne inda za su ajiye shi, da kuma abin da za su hau idan sun sauka.

Dalilin haɗa keke da jirgi lissafi ne mai sauƙi. A cikin minti 10, mai tafiya a ƙasa yakan ci kimanin mita 800, shi kuwa mai keke yakan ci kilomita biyu da rabi ko fiye. Ke nan faɗin yankin da tasha ɗaya za ta ɗebi fasinja daga cikinsa ya ninka kusan sau 10. Ga shi mai keke ba ya jiran motar bas, shi ke yanke wa kansa lokacin fita daga gida.

Kamfanin jiragen ƙasa na ƙasar, NS, ya hana shiga jirgi da keke a ranakun aiki daga ƙarfe 6:30 zuwa 9:00 na safe, da kuma daga 4:00 zuwa 6:30 na yamma, in ban da watannin Yuli da Agusta. A sauran lokuta ma sai an yanki wa keken tikiti. Keke mai naɗewa ne kaɗai ake shiga da shi kyauta. Dokar ta yi tsauri, amma tana da hujja, domin keke ɗaya yana cin gurbin mutane da dama a lokacin da tarago ya cika maƙil.

Saboda haka hukumomi suka mayar da hankali kan wuraren ajiya. A birnin Utrecht, cibiyar da layukan dogon ƙasar suke haɗuwa, an kammala wurin ajiye kekuna mai hawa uku a 2019, wanda ke ɗaukar kekuna kimanin 12,500. Mutum yana shiga ciki a kan kekensa ba tare da ya sauka ba, allunan lantarki suna nuna masa layin da ke da gurbi, sannan ya fito kusa da inda zai hau jirgi. Sa'o'i 24 na farko kyauta ne. A Janairun 2023 birnin Amsterdam ya buɗe nasa a ƙarƙashin ruwa, a gaban babbar tashar birnin, mai ɗaukar kekuna kusan 7,000.

Kuɗin da aka zuba a waɗannan gine-gine amsa ce ga wani hali na fasinja da kowa ya sani. Mai gudun kada jirgi ya bar shi ba zai yarda ya yi doguwar tafiya daga wurin ajiya zuwa tasha ba. Gara ya jingine keken a bakin ƙofa, ko da ya tare wa jama'a hanya. Kusanci da tsaro daga ɓarayi su ne a gabansa. Ko a cikin ginin ma, inda maratayan kekuna suke hawa biyu, na ƙasa ne ke fara cika, domin ɗaga keke sama aiki ne, musamman keke mai amfani da batir, wanda ya fi nauyi.

Babbar matsalar tana can ɗaya ɓangaren tafiyar. Keken mutum yana tashar garinsu, shi kuma ya sauka a wani gari, ofishinsa na da nisan kilomita uku. Dabarar da wasu suka daɗe suna yi ita ce ajiye tsohon keke na biyu a tashar da suke sauka. Irin waɗannan kekuna suna kwana a tasha, suna shafe ƙarshen mako suna tare gurbi, wasu ma masu su sun yi watsi da su har sai ma'aikatan birni sun kwashe.

Wannan giɓi ne tsarin hayar keke na OV-fiets, wanda aka fara a 2003, ya zo ya cike. A yau NS ke gudanar da shi a wurare kimanin 300, yawancinsu tashoshi. Fasinja yana karɓar keke mai launin shuɗi da rawaya da katin da yake biyan kuɗin jirgi, a kan 'yan Yuro kaɗan na sa'o'i 24. Keken ba shi da giya ko wani ƙawa, kuma ana so a mayar da shi inda aka ɗauko shi, in ba haka ba a biya ƙarin kuɗi. Ƙorafin da aka fi yi a kansa shi ne, a tashoshi masu cunkoso kekunan kan ƙare tun da safe, sai wanda ya makara ya koma jiran bas ko ya taka da ƙafa.