Karanta Fuskar Kyanwa: Ma'aunin Raɗaɗi da Ingancin Jinya a Asibitin Dabbobi

Babban abin da ke wahalar da likitan dabbobi game da kyanwa shi ne yadda take ɓoye ciwo. Kyanwa mafarauciya ce, amma ita ma ana farautarta, don haka bayyana rauni haɗari ne gare ta. Kare kan yi kuka. Ita kuwa sai ta lafe a lungu, ta rage ci, mai ita ya zaci hutawa take yi.

A shekarar 2019 manazarta a Jami'ar Montreal ta ƙasar Kanada suka fitar da ma'aunin gane raɗaɗi daga fuskar kyanwa. Abubuwa biyar ake dubawa: tsayuwar kunnuwa, tsukewar idanu, ɗaurewar kewayen baki, yanayin gashin baki, da matsayin kai dangane da kafaɗu. Kowanne ana ba shi maki 0, 1 ko 2, jimilla 10. Idan maki ya kai 4, to akwai buƙatar maganin rage raɗaɗi. Fa'idarsa ita ce likitoci biyu za su iya duban dabba ɗaya su yi magana da harshe guda. Sai dai an gina shi ne domin ciwon da ya taso kwatsam, kamar na bayan tiyata, ba daɗaɗɗen ciwon gaɓoɓi ba.

A ganin wannan maƙala, ma'aunin ba ya wadatarwa shi kaɗai, domin tsoro ma kan kwantar da kunnuwan kyanwa. Haka kuma firgita kan ɗaga sukarin jininta da bugun jininta, har a yi mata zaton ciwon sukari alhali lafiyarta ƙalau. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙungiyar ISFM mai mazauni a Ingila ta ɓullo da tsarin tantance asibitoci a 2012, mai matakai uku: tagulla, azurfa da zinariya. Tsarin ya nemi a raba wurin jiran kyanwoyi da na karnuka, a kuma riƙe dabbar cikin lallami maimakon cafkar fatar ƙeyarta.

Gane raɗaɗi kuma ba izinin ba da kowane magani ba ne. Farasitamol, wanda ba a rasa shi a gidajenmu, guba ne ga kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda ta ɗan Adam ke yi. Ƙwaya ɗaya na iya hallaka ta.